Babban Yatsan Jalaluddeen

Jalaluddeen mai sayar da kayan waya a unguwar Akwa ta birnin Duwala bai taɓa faɗuwa a wasa ba, kuma ba ya barin kowa ya manta. Ko caja ka je saya a teburinsa, kafin ya ɗaure maka ita a leda sai ya juyo maka fuskar wayarsa ka ga hoton: nasara ɗari biyu da goma sha biyu, faɗuwa sifiri. Sai ya tsaya yana jiran ka yi mamaki. In ba ka yi ba, shi zai yi maka.

Wasan kuwa ba wani abin a zo a gani ba ne. Ƙwallon ƙafa ce ta allo, mutum biyar-biyar, minti huɗu, babu alƙali babu satar gida. Ka kwashe ƙafar mutum ka wuce abinka, in ƙarfinka ya taru ka buga ƙwallo ta tashi da wuta a bayanta, ta shige raga har da mai tsaron gidan. 'Yan unguwarsu, New Bell, suna ce masa Ƙwallon Wuta. Ana buga shi ta intanet da wanda ba ka gani, ana kuma buga shi kafaɗa da kafaɗa a shagon Kawu Ilu, inda allo huɗu ke jere a jikin bango, fanka ɗaya tana kaɗa zufar mutum ashirin.

Jalaluddeen ba ya shiga shagon. A wurinsa masu zama can 'yan hayaniya ne, masu danna maɓalli kamar suna kashe kyankyaso. Shi a ɗakinsa yake bugawa, da sunan Damisa237, da mutanen da yake cewa na Faransa ne da Brazil.

Ga yadda sifirin nan ya samu. A wannan wasa, in layi ya yanke kafin a tashi, ba a rubuta wa kowa komai. A ƙarƙashin teburin ɗakin Jalaluddeen kuwa akwai doguwar soket mai jan maɓalli, wadda na'urar wasan da ta intanet duk suke jone a kanta. In an zura masa biyu, lokaci ya soma ƙurewa, sai ƙafarsa ta dama ta zame daga silifa, babban yatsa ya lalubo maɓallin, ƙyas. Da farko yana yi da gangan. Daga baya yatsan ya koyi aikin, ya daina neman izini. Shi kuma ya samo wa zuciyarsa magana mai daɗi: ai Duwala ce, wuta ba ta da alƙawari, ko bai kashe ba za ta iya tafiya da kanta. Matarsa Fauziya, da fankarta ke jone a soket ɗin, ba ta san komai game da ƙwallo ba, amma da fanka ta tsaya sai ta ce daga tsakar gida, "An ci mu ke nan?"

To, sai samarin Grand Hangar da ke Bonabéri, ƙetaren kogi, suka aiko cewa ranar Lahadi New Bell ta turo musu gwaninta, a yi wasa uku a gaban jama'a. Tun da aka kafa shagon ba a taɓa irin wannan ba, kuma Jalaluddeen yana son abin nan kamar ransa. Ya riga ya ga kansa yana haye gadar kogin Wouri a kan benskin, wato babur ɗin haya, da ayarin unguwa a bayansa suna danna hon. Ya kai wa tela riga a rubuta masa Damisa a baya. Ya aika wa Kawu Ilu hoton nan, jama'a suka yi ta miƙa wa juna waya, kowa ya ce ai magana ta ƙare.

Mutum ɗaya ne bai ce ba. Yusufa, ɗan benskin mai furfura a gemu, wanda yake bugawa a shagon tsakanin ɗaukar fasinja da fasinja, ya ce shi bai ƙi ba, amma dokar wurin ba ta san hoto ba. Wanda zai ɗauki sunan unguwa sai ya zauna a kujerar allo na farko, ya buga da wanda yake kanta. Wanda yake kanta kuwa tun Laraba shi ne.

Da labari ya kai wa Jalaluddeen sai ya yi dariya har da riƙe ciki. Shi da ya kayar da Turawa, yau ɗan benskin ne zai gwada shi, mutumin da yatsunsa suka sandare a kan birki? Bai ji tsoro ba ko kaɗan, don ya daɗe da yarda da hoton nan fiye da duk wanda ya nuna wa.

Ranar Asabar bayan la'asar ya iso, da turare da sabon aski. Shagon ya cika har ƙofa, mai askin da ke maƙwabtaka ma ya bar ƙofarsa a buɗe don ya riƙa jiyo ihu. Jalaluddeen ya dubi manet ɗin da aka miƙo masa, abin riƙewar nan da ake wasa da shi, ya goge shi da hankici a gaban kowa.

"Kawu Ilu, wannan ne kuke bugawa da shi? Ko da yake, ça va, ba damuwa, minti huɗu ne."

"Zauna dai, ɗana," in ji Kawu Ilu.

Yusufa ya matsa masa a kan benci. "Bismilla, ƙanena."

"Grand, babban yaya, kada ka ji haushi in abin ya yi yawa. Haka nake da kowa."

"Ba komai."

Aka take. Minti na farko bai cika ba Yusufa ya zura ɗaya, ba da wata ƙwallon wuta ba, ya dai tura ta gefe ta gangara cikin raga. Jalaluddeen ya ce manet ɗin yana da nauyi. Ta biyu ta shiga yana cikin bayanin. Abin da bai taɓa sani ba shi ne yadda ake wasa da mutum yana numfashi a gefenka, gwiwarsa tana taɓa taka, ga wasu ashirin a bayanka suna cewa "kai, kai, kai" duk lokacin da ka yi kuskure. A ɗakinsa abokin karawa suna ne kawai a saman allo. Nan kuwa ga shi da warin fetur, ko kallonsa ba ya yi.

Ya tara ƙarfi ya saki ƙwallon wutarsa, ta bugi turke ta dawo. Yusufa ya ɗauke ta ya tafi da ita, uku. Saura sakan arba'in. Zufa ta jiƙa wa Jalaluddeen wuyan riga, kunya ta kama shi, irin wadda ba ta taɓa samun damar kama shi ba, don kullum yana riga ta.

Allon ya mutu. Sauran ukun ma suka mutu, fanka ta yi juyi biyu ta tsaya, firjin lemo ya yi shiru.

"Coupure, an ɗauke wuta," in ji Jalaluddeen, kuma wallahi da zuciya ɗaya ya faɗa. "Kun gani? Garin nan ba a iya komai a cikinsa. Sai a sake daga farko."

A cikin shirun nan kowa yana jin injin mai aski yana ta kuka a ɗaya gefen bango, rediyonsa ma tana ta zuba waƙa. Ƙwan fitilar da ke saman ƙofar shagon yana nan a kunne. Sai mutane suka soma duban ƙasa ɗaya bayan ɗaya, shi ma ya duba. Silifarsa ta dama tana gefe. Ƙafarsa ta miƙe ƙarƙashin tebur, ta bi ta tsakanin wayoyi a wurin da bai taɓa zama ba, ta gano soket ɗin Kawu Ilu, babban yatsa na kan jan maɓalli bai ko ɗaga ba.

Ya janye ta a hankali. Ya buɗe baki ya ce zamewa ta yi, amma ko shi bai ji daɗin yadda maganar ta fito ba.

Yusufa ya ajiye manet a cinyarsa, sai yanzu ya juyo ya dube shi sosai. "Tsaya. Damisa237, ko? Da ƙaramin hoton damisa mai hula?"

Jalaluddeen ya kawar da kai, ya dubi allon da ya mutu.

"Sau huɗu na haɗu da kai a intanet, ban taɓa kawo cewa kai ne ba sai yanzu. Sau huɗun ina gaba, rezon intanet ya yanke. Na zagi na'urata, na canja layi, har kan rufin kwano na hau da ita ina neman sabis, matata tana cewa na haukace. Ashe ƙafarka ce, layi biyu tsakanin gidana da naka."

"Ni ma ya yanke min," wani ya ce daga baya. "Biyu da nema."

"Ni sau uku."

Kawu Ilu ya ce duk wanda wasansa da Damisa ya taɓa yankewa ya ɗaga hannu. Hannu bakwai suka tashi. Turawan Faransa da Brazil ke nan: mai nama, tela biyu, ɗan dako, da masu tura baro na kasuwa. Ɗaya daga cikin telolin shi ne wanda rigar Damisa take kan kekensa.

Ba a yi masa ihu ba, da an yi ma da ya fi masa sauƙi. Wani ya yi tsaki, wani ya tura masa silifarsa da gefen ƙafa. Jalaluddeen ya ga Lahadi ta tafi, sai ya nemi ya tsira da abin da ya saura. Ya ɗaga manet da hannu biyu ya miƙa wa Yusufa, muryarsa a ƙasa.

"Grand, ka ci ni. Na yarda."

Yusufa bai karɓa ba. "A'a, ƙanena, ban ci ka ba. Ba a tashi wasan ba ai. Mu nan kowa ya sha kashi, ni kaina makon jiya wancan telan ya zura min biyar, na tashi na ba shi hannu. Kai ba ka cikinmu. Ajiye musu abinsu a kan tebur."

Ya ajiye. Kawu Ilu ya ɗauki alli ya rubuta sunan Yusufa a jikin ƙofa, a ƙarƙashin Lahadi, sannan ya ce wa Jalaluddeen ya ɗan tashi, akwai masu jira. Ya tashi ya tsaya a gefe da silifa ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu, ba wanda ya buɗe masa hanya, ba kuma wanda ya tare shi.

Yana nan tsaye Kawu Ilu ya sunkuya ya jawo soket ɗin daga ƙarƙashin tebur, ya karɓo guduma da ƙusa a wurin mai aski, ya hau kan benci. Ya ɗaga ta sama da kan kowa, ya dubi tsawon Jalaluddeen, ya ƙara ɗagawa kaɗan, sannan ya soma bugawa.