Ƙafar Birki

Shekara ashirin da biyu Direba yana jan bas ɗin ma'aikata mai kujera talatin, ko kaza bai taɓa takawa ba. Wata uku da suka wuce ya sunkuya zai ɗaga taya, ƙugunsa ya riƙe. Kamfani suka ce ba shi ba sitiyari sai ya kawo takardar likita. To, takardar ya zo nema, ba magani ba. Ciwon ma ya lafa tun makon jiya. Abin da ya rage, ƙafar dama ta koma kamar ta aro, wannan kuwa ko matarsa da ta rako shi bai gaya wa ba.

Likitar ba ta gaggawa. Tun shigowarsa take kallon tafiyarsa da yadda ya zauna a gefe ɗaya na kujera.

"Baba, ina yake maka ciwo yanzu?"

"Ai na warke, likita. Hannu kawai za ki sa."

"Za mu zo nan. Cire riga da takalmi."

Ta tsaya bayansa, ta bi ƙashin bayan da babban yatsa tana dannawa gaɓa-gaɓa. Ta sa ya sunkuya, ya karkata hagu da dama. Ta tambayi fitsari da bayan gida, da ko wurin zamansa ya sage. Lafiya lau, in ji shi. Wannan kam gaskiya ya faɗa.

"Taka a kan yatsu zuwa ƙofa. Yauwa. Dawo a kan dunduniya."

Ƙafar hagu ta ɗago kanta. Ta dama ta faɗi a ƙasa sharaf. Ya yi 'yar dariya, ya ce tayil ɗin ne da santsi.

Ta kwantar da shi rigingine, ta ɗaga ƙafar a miƙe. Ba ta yi nisa ba wani abu ya tsarga masa daga ƙugu har ƙwauri, ya haɗiye. Ta ƙwanƙwasa gwiwa da 'yar gudumar roba, ƙafa ta zabura. Ta danne babban yatsan ƙafar ta ce ya turo hannunta sama. Ya tura da zuciya ɗaya, yatsan ko gezau.

Sai ta ɗauko tsinke. "Rufe ido. In ka ji na taɓa, ka faɗa."

Shi dai Direba rabin rayuwarsa a gaban masu duba mota ya yi ta, kuma darasi ɗaya ya haddace: kome aka tambaya, ka ce yana aiki. Fitila? Tana yi. Birki? Garau. Da wannan ilimin ya rufe ido.

"Nan fa?"

"Na ji."

"Nan?"

"Na ji sosai."

"Nan kuma?"

"Har ya fi na ɗazu."

Da ya buɗe ido, likitar na tsaye ta harɗe hannu, tsinken yana kan tebur. Matarsa ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafi.

"Na farko kaɗai na taɓa, Baba," in ji likitar. "Shi ma sai da na yi magana ka amsa. Akwai abin da ya danne jijiya a ƙugunka. Za a ɗauki hoto yau, ƙila a kai ga aiki. Da wace ƙafa kake taka birki?"

Ya nemi kunya a ransa, ya nemi tsoro, bai tarar da kome ba. Zuciyar ma ta bi ƙafar.

A baranda ya shige gaba yana magana shi kaɗai. Likitoci ai ba ita kaɗai ba ce, akwai wani can bayan tasha da ba ya wannan bin diddigin.

"Maigida," matarsa ta kira daga baya.

Ya waiwaya. Tana tsaye wajen taku goma, riƙe da silifas ɗinsa na dama. Ya dubi ƙasa. Ƙafar tana kan tayil tsirara, kuma ko sanyinsa bai ji ba. Kujeru talatin ɗin nan suka faɗo masa a rai, kowace da mai ita.

Ta durƙusa ta sa masa takalmin. Da ido kawai ya san ta sa.

"Ina aka ce ɗakin hoton yake?" ya tambaye ta.