Cikon Mutum Uku

Takardun suka sake zamewa daga cinyar Auta. Ta tattara su, ta danne da jaka, ta saci kallon ƙofar ɗakin taron. A bayan ƙofar nan kwamitin ɗaukar malamai ke zaune, kuma gurbi ɗaya tak sashen nazarin zamantakewa ya tallata. Ita kuwa koyarwar wucin gadin da take yi ƙarshen watan nan za ta ƙare.

Wayarta ta yi ƙara. Yayarta ce.

"Dakta, an shiga?"

"Yaya, don Allah bar kira na Dakta yau."

"To me zan ce miki, tela? Inna tun safe take miki addu'a, ta hana kowa sakat. Ki buɗe baki ki yi magana, kada ki je ki yi musu muryar sauron nan taki."

Ta kashe wayar. A ɗaya ƙarshen bencin Malam Dogo ne zaune, ya sha guga, wuyan rigarsa ya fara cinyewa. Shi ya koyar da ita tana ajin farko a jami'ar nan, ga shi har yau a wucin gadin yake. Ofis ɗaya suke, butar shayi ɗaya, amma yau ban da gaisuwa ba abin da ya haɗa su. Na ukunsu, wani saurayi mai kwat da ya zo daga nesa, yana ciki ana yi masa tambayoyi.

Ta tashi ta leƙa ofishin sakatariyar sashen neman ruwa.

"Anti, wallahi ji nake kamar in ɗauki jakata in gudu gida."

Sakatariyar ta dafe ƙirji. "Ke! Rufa mana asiri. Ƙa'ida ta ce sai kwamiti ya ga mutum uku, in ba haka ba a soke komai sai baɗi. Da ƙyar fa muka haɗa ku." Ta miƙa mata kofi. "Sha ki kwantar da hankalinki, ba mai matsa miki. Tambaya biyu kin fito. Ai an gama magana, gurbin na Malam Dogo ne."

Kofin ya tsaya a hannun Auta. Sakatariyar ta dube ta, sannan a hankali ta rufe bakinta da tafin hannu.

"Au. Farfesa bai gaya miki ba?"

Ba ta san yadda aka yi ta dawo barandar ba. Ta tuna ranar da Farfesa, shugaban sashen, ya tsayar da ita a kan matakala, mutumin da ko gaisuwarta da kai yake amsawa, ya ce lallai ta nemi aikin nan. Ranar har kuka ta yi don murna. Ta rataya jakarta, ta nufi matakalar.

"Ƙanwata."

Ta tsaya, ba ta juyo ba.

"Anti ta yi suɓul da baka ke nan," in ji Malam Dogo. Ya yi ƙoƙarin dariya, ta ƙi fita.

"Malam, ka sani?"

"Na sani. Kullum sai in ce yau zan faɗa miki, sai in gan ki kin duƙufa kina karatu, bakina ya yi nauyi." Ya goge goshinsa da hannun riga. "In kin sauka matakalar nan, sai baɗi. Ni kuma baɗi shekaruna sun wuce abin da suke ɗauka. Babbar 'yata tambayata take, Baba, wai kai yaushe za ka zama malamin gaske?"

Sai yanzu ta juyo. Ta ga yana satar kallon ƙofar ɗakin taron, kamar yadda ta yi ɗazu.

"Tunda an gama magana, tsoron me kake ji?"

"Akwai baƙuwa a ciki, farfesa ce daga wata jami'a. Ita ba a yi magana da ita ba, kuma an ce ba ta jin lallashi. Abin da ta gani shi take rubutawa." Ya sunkuyar da kai. "Ban ce ki yi komai ba. Ki shiga kawai."

Ƙofar ta buɗe, mai kwat ya fito yana sassauta wuyan rigarsa. Aka kira Auta.

Sanyin na'ura ya doke ta. Shugaban sashen ya miƙe tsaye har da nuna mata kujera, yana murmushi.

"Zauna, Dakta. Ba za mu ɓata miki lokaci ba."

"Ni zan ɓata mata," in ji wata dattijuwa mai tabarau da ke gefe. Littafin binciken Auta ne a gabanta, duk ta lanƙwashe gefen shafukan. "Babinki na matan da ke aikatau a gidajen birni ya hana ni ajiye littafin nan. Kin ce tsoron kora ya fi ƙarancin albashi cin ransu. Gamsar da ni."

Auta ta san amsar kamar sunanta. Ta san matan, ta zauna da su a bayan ɗakunan girki, ta san da wace za ta fara. Ta gilashin ƙofar tana hango kafaɗar Malam Dogo a kan benci. Shugaban sashen ya daina murmushi.

Ta yi niyyar ta ce ba ta shirya wa wannan tambayar ba. Amma da ta buɗe baki, sai ta ji muryarta ta fito tar, ta cika ɗakin. Dattijuwar ta gyara zama, ta cire murfin alƙalaminta.