Kaciyar Ɗan Mai Gilashi

Tun da aka sallamo matarsa daga asibiti da ɗansu na fari, bakin mai gilashi bai rufu ba. A shago, yana yanka gilashin taga yana gaya wa masu saye cewa magaji ya iso, har maƙwabcinsa mai walda ya ce, "To ka bari ya riƙe wuya tukuna kafin ka miƙa masa makullin shago."

Murnar ta fara tsami ne a kan maganar kaciya. Mahaifiyarsa, wadda ta zo taya su raino, ta ce a yi wa yaron tun yana ɗanye, ya warke tare da cibiya. Matar tana ninke kayan jariri a bakin gado, ta ce a hankali, "Inna, da an ɗan jinkirta."

"A jinkirta sai ya yi gemu?" in ji tsohuwar.

Da tsohuwar ta fita shanya, mai gilashi ya tambayi matarsa abin da ke damunta. Ya san ta yi ƙane da ya rasu yana ƙarami, amma ya ɗauka zazzaɓi ne.

"Kaciya aka yi masa," ta ce. "Jini ya yi ta zuba, ana canja zane, ana canja zane. Ni nake kai wa mahaifiyarmu ruwa a roba. Kafin a samu mota ya cika."

"Kwanansa ne ya ƙare."

"Na sani. Amma kawuna ma haƙori kawai aka cire masa, bai sake tashi ba."

Ransa bai so ba. Gani yake tsoro ne irin na mai sabuwar haihuwa, kuma yana hango yaron ya girma sa'o'insa suna yi masa dariya. Ga uwa a gefe, ga mata a gefe. A ƙarshe ya raba gardama: likita ne zai yi, a asibiti. Matar kuma ta ce ta yarda, in dai za a fara gwada jininsa.

A ɗakin gwaji, nas tana ta wasa da yaron, tana ce masa mijinta. Ta ɗebi jini a bayan hannunsa, ta ɗora auduga, ta ce uban ya danne. Ya danne, ya ɗaga, jini ya sake tsattsafowa. Aka canja auduga, ita ma ta jiƙe. Mai gilashi ya san yanka, yatsunsa duk tabo ne, ya kuma san ƙaramin huji irin wannan ba ya daɗewa yana jini haka. Nas ta daina wasa, ta leƙa waje ta ce a kira likita. Matarsa bango kawai take kallo.

Da sakamako ya fito, likita ya zaunar da su. Ya ce jinin yaron ba ya daskarewa yadda ya kamata, ciwon gado ne, mata ke ɗauke da shi amma maza ya fi kamawa. Kaciya za ta iya yiwuwa nan gaba a babban asibiti, da allurai na musamman, amma ba yanzu ba. Kuma ba ita kaɗai ce abin tsoro ba: faɗuwa, cizon harshe, famfarar haƙori, kowanne sai an yi gudun asibiti.

"Wace sana'a kake yi?" ya tambaya.

"Gilashi nake yankawa."

Likita ya dube shi, ya sunkuyar da kai.

A gida, tsohuwar ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Mu dai babu wannan a danginmu. Likitocin nan da tsoratarwa. A nemo wanda ya iya kawai."

"Inna, ba za a yi ba," in ji mai gilashi.

Bai taɓa musa mata magana ba tun da ya yi wayo. Ta dube shi kamar baƙo, ta shiga ɗaki ta fara haɗa kayanta. Ya bi ta yana ba ta haƙuri, ta ce ba fushi take ba, kajinta ne babu mai kula da su. Da safe ya raka ta tasha.

Da ya dawo ya tarar da matarsa tana shayarwa, hawaye na ɗiga a kan yaron.

"Ni na jawo masa," ta ce.

"Kada ki ƙara faɗar haka."

Bai taɓa ɗora mata laifi ba, ko a zuciyarsa. Sai dai daga ranar ya daina ɗaukar yaron. In ya taso daga shago, sai ya tuɓe riga a ƙofa, ya wanke hannu har gwiwa, ya duba ƙarƙashin farce ko da ɓurɓushin gilashi. Duk da haka, in ta miƙo masa shi, sai ya ce ta bari tukuna. Ya tsaya a bakin gado, hannuwa a baya, yana kallon ɗansa yana wutsil-wutsil da ƙafafu.