Fuskar Indo ta Tsauni

Shekarar da damina ta yi gardama gero ya bushe a tsaye, ita ce ta ja shekarar da sojoji suka karɓe mulki a Yamai. A lokacin Balki tana aiki a wani ƙaramin gidan rediyon al'umma a Matameye, ɗaki biyu ne kawai da dogon ƙarfe a bayansu. Ita ke da shirin hantsi, wanda mutane ke kira ta salula su faɗi abin da ke ransu. Muryarta ta fi fuskarta suna, don sau da yawa takan tsaya sayen tattasai a kasuwa, sai ta buɗe baki mai tallar ta ce, "Au, ke ce!"

Bayan juyin mulkin, shugaban gidan, Ummaru, ya kira ta gefe. Mutum ne mai gudun rigima. Ya ce, "Balki, har mu ga inda aka dosa, a ajiye maganar mulki. Ita ma yunwar ki bi ta a hankali, don in kika buɗe layi a kanta, daga hatsi za a zarce kan manya. Ki nemo abin da zai ɗebe wa mutane kewa."

Ta yi shiri kan maganin zafin bazara, ta yi kan kiwon kaji, har abin faɗa ya ƙare mata. Rannan sai ta tsinci wata jaridar Faransanci da aka naɗo kayan gyara a ciki daga Damagaram. A shafin baya ga hoton wani abu baƙi mai sheƙi a hannun wani Bature. Wai wani kamfani ne a Amurka ya fito da shi, ana ce masa tabilet. Ta karanta, ta sake karantawa, washegari ta kai wa masu saurare.

Ta ce musu ordinater ne, wato kwamfuta, amma shafal kamar faranti, fuskarsa duk gilashi, ba maɓallan rubutu. Da yatsa ake taɓa shi. Yana ɗaukar littattafai da hotuna da fim. In hoto ya yi maka ƙanƙanta, sai ka ɗora yatsu biyu ka buɗe su, hoton ya buɗe har ka ga abin da ba ka gani da farko.

Layi ya cika nan da nan. Alhaji Hamisu mai shagon salula a bakin tasha ya ce da zarar abin ya sauka Kano, shi zai fara kawo shi Matameye, kowa ya shaida. Gambo tela ya ce abin da ba ya shiga aljihu kuma ba a kiran mutum da shi, ai tiren shayi ne aka yi wa kwalliya. Wata mata da ta ƙi faɗin sunanta ta ce, "Ki tambayo mana Turawan, in an matsa shi yana zubo gero?" Balki ta yi dariya, sai ta hango Ummaru ta gilashin ɗaki yana juya hannu, alamar ta wuce gaba.

Kiran ƙarshe muryar dattijo ce, a hankali, iska tana kaɗa ta.

"Salamu alaikum. Shekara ne daga Tsauni. Ƴata, da gaske in hoto ƙarami ne yana buɗe shi?"

"Haka suka rubuta, Baba."

"Ko fuskar mutum ce?"

"Ko fuskar mutum ce."

Ya ce, "To, madalla," layin ya yanke. Balki ta sa waƙa, ba ta sake tunawa da shi ba.

Ranar kasuwa da ta fito daga ɗakin shiri, ta tarar da wani mutum zaune a inuwar bango, dogo, ramamme, ƙafafunsa fari fat da tafiya. Wata ƴar yarinya tana barci a cinyarsa, gashinta ya yi ja-ja. Ya miƙa gaisuwa, ya ce shi ne Shekara. A ƙasa ya zo, don ya riga ya sayar da jakinsa tun lokacin sanyi. Ya zo ne a taimaka a sa masa wani hoto a cikin na'urar nan.

Balki ta tuna kiran nan na ƙarshe. Ta durƙusa kusa da shi ta ce, "Baba, ai ba mu da ita. Ni ma a jarida na gan ta. Ko Yamai ban ji ta iso ba."

Ya dube ta jim, ba fushi a idonsa. Ya ce, "Yadda kika yi bayaninta, na ɗauka tana gabanki."

Duk da haka ya ciro wani ƙyalle daga aljihu, ya kwance, ya zaro hoton daga cikin leda. An ɗauke shi ne ranar da aka buɗe famfon ƙauyensu. Ga manyan baƙi a gaba da manyan riguna, ga mutanen gari a baya sun yi cincirindo. Ya ɗora farce a can ƙarshen layin baya, kan wata mace mai ɗan kwali rawaya. Fuskarta ba ta kai ƙwayar wake ba.

"Mai ɗakina ce," in ji shi. "Uwar wannan. Allah Ya yi mata rasuwa bayan kaka."

Balki ta yi masa gaisuwa. Ya karɓa, ya ci gaba da magana yana kallon hoton. Ya ce da rumbu ya ƙare sun koma cin ganye da ƴaƴan anza na daji, kuma ita marigayiyar kullum takan ce ta ci a wajen tuƙi, ashe rabonta take tura wa yarinyar. Da zazzaɓi ya zo bai sami abin da zai yi kokawa da shi ba. Yanzu Rabi, ita ce ƴar, duk macen da ta wuce da tulu sai ta bi ta tana kiran Inna.

"Ni kaina," ya ce. "Muryarta tana kunnena. Tafiyarta ma in na rufe ido ina gani. Amma fuskar ta fara ƙi mini. In na kamo goshin sai bakin ya kuɓuce."

Balki ta miƙe. Ta shiga ta ɗauko mayafinta, ta ce su je wajen Idrisa mai hoto, shi yana da ordinater da na'urar kwafe hoto. Suka tarar lantarki ya ɗauke. Suka zauna a benci har bayan azahar, ta sayo wa Rabi fura, yarinyar ta riƙe ƙwaryar da hannu biyu ta ƙi saki ko da ta shanye.

Da wuta ta dawo Idrisa ya kwafe hoton, ya fito da shi a gilashin ordinater, ya ja ɗan kwalin rawaya zuwa tsakiya ya shiga ƙara masa girma. Shekara ya matso har numfashinsa yana taɓa gilashin. Kan matar ya yi girman lemo, ya yi girman ƙwarya. Amma yana girma yana narkewa. Inda ido ya kamata ya kasance sai duhu biyu, inda baki yake sai wani dishi-dishi, kamar an shafa laka a bango.

"Ƙara gyara shi, ɗana," in ji Shekara.

"Iyakarsa ke nan, Baba. Mai ɗaukar ya yi nisa da ita. Abin da bai kama ba, ba na'urar da za ta fito da shi."

"Har ta Turawan?"

Idrisa ya dubi Balki, ya sunkuyar da kai. "Har ita."

Shekara ya daɗe a tsaye. Sannan ya ja da baya ya ce, "Ashe ba ta ciki." Ya karɓi hotonsa ya mayar a leda, ya naɗe ƙyallen yadda yake, ya yi wa Idrisa godiya kamar an biya masa bukata.

A bakin hanya Balki ta ji ba za ta iya barinsa ya tafi haka ba, tunda bakinta ne ya taso shi daga Tsauni. Ta ce ya ba ta izini ta yi cigiya a rediyo, ko wani yana da hoton marigayiyar. Ya ce ba laifi. Ta ce sai ya faɗa mata sunan. Ya kau da kai, don bai saba kiran sunan a gaban mutane ba, ya faɗe shi can ƙasa: Indo. Mutanen Yauri ta nan kusa ne iyayenta. Ya saɓa Rabi a kafaɗa ya kama hanya.

Ummaru bai hana ba. Ya ce cigiyar akuya ma suna yi. Balki ta riƙa faɗa a ƙarshen kowane shiri: duk mai hoton Indo ta gidan Shekara a Tsauni, ƴar Yauri, ya taimaka ya kawo. Wani malami ya kira ya ce addu'a ta fi wa mamaci amfani, ta ce gaskiya ne, Allah Ya jiƙanta, ta sake maimaita cigiyar. Makonni suka wuce shiru. Ƙauyuka sun zama kango, mata sun bazu Daura da Kano neman aikatau, waɗanda suka rage kuma ba su da batirin rediyo. Maganar tabilet ta mutu a gari, aka koma maganar ranar da za a kawo hatsin agaji.

Sai da ruwa ya sauka aka yi shuka, wata mata ta yi sallama a gidan rediyon. Ta ce sunanta Salamatu, daga Yauri, tare suka tashi da Indo. Tana Daura tana wanke-wanke a gidan mutane, da ta dawo shuka maƙwabciyarta ta ba ta labarin cigiyar, a nan ne ma ta ji rasuwar. Ta fito da hoto daga cikin kwanon da ta rufe da faifai. Ƴan mata biyu ne da atamfa iri ɗaya, sun zo yawon Sallah Matameye kafin a yi musu aure. Ta dama tana dariya, da wushirya, kumatunta cike.

"Ita ce wannan," in ji Salamatu, ta goge ido da bakin zane. "Ba ta iya tsayuwar hoto ba, sai da mai hoton ya yi mata faɗa."

Idrisa ya wanke babba ya sa a kwali, Salamatu ta koma da nata. Balki ta hau kabu-kabu zuwa Tsauni. Gidan Shekara ba kowa, sai wata tsohuwa a maƙwabta ta nuna mata gona. Can ta same shi shi kaɗai yana noman firi, geron bai wuce tafin hannu ba. Ta tambayi Rabi. Ya ce ƙanwarsa da ke aure a Damagaram ta zo ta tafi da ita, don jikin yarinyar ya fara kumbura, can kuwa akwai likita da abinci.

Ta miƙa masa hoton. Ya goge hannuwansa a riga, ya karɓa, ya zauna a kan kunya. Balki ta koma gefe ta ba shi wuri. Ba ta san iya lokacin da ya ɗauka ba. Ta ga dai leɓɓansa suna motsi, ta ga ya kai babban yatsa kusa da fuskar ya fasa taɓawa.

"Ita ce," ya ce daga baya. "Wushiryar nan. Yaya aka yi na manta wushiryar nan?" Ya sake dubawa. "Amma a gidana ba ta taɓa yin kumatu haka ba."

"Baba, shekarun ne suka zo da wuya. Ba kai kaɗai ba ne."

Ya miƙo mata hoton da hannu biyu. "Ke kina da hanyar Damagaram. Ki kai wa yarinyar. Ni na gani."

Ta ce za ta sa Idrisa ya wanke masa wani. Ya girgiza kai ya ce ta bari, in yana ɗakin ba zai iya fita gona ba. Ya kwatanta mata gidan ƙanwar tasa, ya sa mata albarka, ya ɗauki hauyarsa.

Ranar hutunta Balki ta shiga mota zuwa Damagaram, hoton a cikin jaka a kan cinyarta. Ta sami gidan bayan tambaya. Rabi tana zaune a tabarma da wani ɗan kwano, kumburin ya sauka, har ta fara wasa da ƴaƴan gidan. Gwaggon ta karɓi kwalin, tana gani ta toshe baki da mayafi. Sannan ta jawo yarinyar jikinta ta ce, "Rabi, zo ki ga Innarki."

Rabi ta kama hoton ta ƙura wa ƴan matan biyu ido. Ta dubi wannan, ta dubi waccan. Can ta ɗora hannu a kan Salamatu ta ɗaga kai tana jiran a ce ta yi daidai.

"A'a," in ji gwaggon. "Ɗayar. Mai dariyar."

Yarinyar ta ce to. Ta kalli mai dariyar kaɗan, sai wata daga cikin yaran ta kira ta daga zaure, ta ajiye hoton a tabarma ta ruga. Gwaggon ta ɗauke shi ta kaɗe, ta ce za ta adana mata har ta yi wayo. Ta roƙi Balki ta tsaya ta ci abinci, Balki ta ce motar Matameye ba ta jira, ta yi sallama ta fito.