Ƙo da Kyo

Tun yana ƙarami aka san Abdulghani ba shi da ƙ a bakinsa. A unguwar Karantina ta Jidda aka haife shi, Larabcin Jidda ya buɗe baki da shi, Hausar ma don da ita ake raba tuwo a gidansu ne ya riƙe ta. In ya ce ƙasa sai ta fito kasa, in ya ce ƙarfi sai ka ji karfi, har da wata iska a baya kamar mai hura shayi. Mahaifiyarsa Rahamatu, wadda ta taho hajji daga Kano a ƙasa ta zauna, ta yi gyara har ta gaji. Shi kuwa ko a jikinsa, wai an tsikari kakkausa. Abin da yakan ce mata ke nan, “Halas, shi ke nan, Umma, ai kin gane.”

To, a shekarun da ’yan Koriya suka cika Jidda da aikin titi, sai ya samu shiga wani kamfaninsu, wurin fasa dutse a hanyar Makka. Mai kula da injin niƙa dutsen, Kang, yana zaune ne a wani ɗakin kwano can sama, ba ya hango ramin injin. In dutse ya maƙale sai a kashe inji, lebura ya sauka da sandar ƙarfe ya ɓamɓare shi. Bayan ɗan lokaci Kang zai kira, “Abdu?” Abdulghani kuma daga bakin rami ya ba shi amsa da ɗaya daga kalmomi biyu na yarensu: kyo, wato kunna, ko ƙo, wato a bar shi a kashe. Aikin ke nan. A inuwa, da farar hular kwano, yayin da sauran ke gasuwa a rana. Da wannan hular ake gaishe shi a Karantina kamar wani injiniya.

Ranar farko Kang ya ƙyasta ashana ya riƙe a gaban bakinsa. Da guntun Larabcinsa ya nuna cewa k uku gare su. Akwai mai laushi, irin ta sunansa, wadda ba k ba ce ba kuma g ba. Akwai mai iska. Ya ce kyo, wutar ta mutu. Ya sake ƙyasta wata, ya matse maƙogwaro ya ce ƙo, wutar ko gezau.

“Hawa mafi,” in ji shi, wato babu iska.

Ka ji wani yare, ta kunnawa ce ke kashe wuta, ta kashewa kuma ta bar ta a kunne. Abdulghani ya gwada a hankali, can ƙasa-ƙasa, ya yi dabarar haɗiye numfashi, wutar ta yi rawa amma ba ta mutu ba. Kang ya ɗaga kai alamar ya yarda. Abin da bai sani ba, in Abdulghani ya ɗaga murya dabarar nan ba ta tsayawa, iskar kufcewa take yi. Shi kuwa ya sani sarai. Sau da yawa in ya amsa sai ya ji Kang ya yi jim kafin ya gane, sannan Abdulghani ya ce wa kansa ai an wuce.

Ana cikin haka Haladu ya iso, ɗan wan Rahamatu, saurayi mai yawan dariya da ya zo Umra ya ƙi komawa. Abdulghani ne ya sama masa leburanci, aka kuwa sa shi cikin masu sauka rami. Ranar da zai fara, Rahamatu ta tare ɗanta a ƙofa.

“Amanar ɗan’uwana ce na sa a hannunka. Yadda ka fita da shi, haka za ka dawo mini da shi.”

Wata rana suna hutun azahar, Kang ya tafi wanke hannu ya bar ashanarsa. Haladu ya ɗauka don wasa, ya ƙyasta, ya buɗe murya ya ce ƙo. Wutar ta tsaya cak.

“Yaya, wannan ne abin wuyar? Ai ƙ ce kawai, irin ta ƙosai.”

Abdulghani ya fizge ashanar yana waiwayen inda Kang ya nufa.

“Rufe mana baki. Kada in kara jin kana kwaikwayon mutane.”

Gaskiya ɗaya ce, tun daga lokacin ya san abin da ya kamata. Wato ya miƙa wa Haladu hular, shi ya ɗauki sandar ƙarfe. Amma a ce ɗan Jidda, mai Larabci, ya koma rami, baƙon da ya zo jiya ya hau inuwa? Matan Karantina za su samu abin tauna har bayan hajji. Ya ce bari dai ya koya a ɓoye.

Ran Juma’a ya samu mahaifiyarsa a tsakar gida tana suyar gyaɗar da take kaiwa bakin kasuwa, maƙwabta biyu suna taya ta ɓara. Ya daɗe yana kewaye-kewaye kafin ya durƙusa kusa da ita.

“Umma, yaya ma ake cewa kofa?”

Ta dube shi sama da ƙasa.

“Ikon Allah. Sai da gemu ya fito? Ai icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.” Ta ga fuskarsa ba wasa, sai ta sassauta. “Riƙe numfashinka, kamar za ka ɗaga tulu cike da ruwa. Kada ka hura. Maƙogwaro ne zai yi aikin.”

Ya riƙe, ya ƙoƙarta, ya saki wani abu mai kama da tari. Matan nan suka tuntsire da dariya, har ɗaya tana share hawaye da mayafi. Kunya ta rufe shi, ya miƙe ya karkaɗe riga. Rahamatu tana cewa ya dawo su sake, ya riga ya kai waje.

Ranar da abin ya faru rana ta take, motocin ɗibar tsakuwa sun yi layi, direbobi sai matsa oda suke suna yalla, yalla, wato a yi sauri. Wani ƙaton dutse ya maƙale. Kang ya kashe inji, Haladu ya sauka yana ’yar waƙarsa, ya taka gefen haƙoran injin ya soma ɓamɓara. Dutsen ya yi gardama. Can Kang ya kira daga sama.

“Abdu?”

Odar motoci ta cika wurin, ƙaramar murya ba za ta kai ba. Abdulghani ya cika ƙirji ya ƙwala amsar ƙo da dukkan ƙarfinsa. Tun kafin ya rufe baki ya ji iskar ta bi bayanta. Injin ya yi gurnani ya tashi.

Kang ya kashe injin nan take da ya ji ihu, amma an riga an makara. Shi ne ya ciccibi Haladu zuwa mota yana kuka yana maimaita abu guda da yarensa, yana duban Abdulghani. Ba sai an fassara masa ba, kyo Kang ya ji.

Bayan la’asar Abdulghani ya shigo gida ba hula, gaban rigarsa duk jini. Rahamatu na zaune da faifai tana sheƙar gyaɗa. Ta dubi rigar, ta dubi bayansa, ba kowa.

“Ina Haladu?”

“Yana asibiti.”

“Da ransa?”

“Da ransa.”

“To mene ne? Yi magana mana.”

Kuka ya taso masa ya tokare maƙogwaro, numfashi ya ƙi shiga ya ƙi fita. Ta wannan matsin maganar ta samu hanya.

“Ƙafarsa, Umma. Sun yanke ƙafar.”

Ƙ ɗin ta fito tsaf, sau biyu, yadda Rahamatu ta yi shekaru tana roƙon ya faɗa. Da akwai ashana a gaban bakinsa, da ko motsi wutar ba za ta yi ba.