Karen Mama Damaris

Mama Damaris tsohuwar nas ce a Sabon Tasha, kuma duk unguwa an san ta da tausayin dabbobi. Tunda ta yi ritaya, babu abin da ya tsone mata ido kamar karen maƙwabcinta Shekari bakanike, wani baƙin kare mai yini a bola, kunnuwa duk ƙuda.

Wata safiya ta tare shi a ƙofar gida. "Shekari, ba ka tsoron Allah? Dabba ma fa rai gare ta."

"Mama, ai bai taɓa kawo mini ƙara ba. In kina so, na ba ki."

A ranar karen ya sha wanka da sabulu mai ƙamshi, sunansa ya tashi daga Duna ya koma Lucky. Ta kai shi wurin likitan dabbobi aka yi masa allurai, aka kuma fiɗiye shi, don kada karnukan unguwa su lalata masa tarbiyya. Ta hana shi ƙashi saboda haƙora, ta hana shi fita saboda masu keke. Da damina ta kankama har rigar sanyi ta saƙa masa. Idan ya zauna bakin get yana kuka mai tsawo, sai ta ce wa baƙi, "Kun ji shi? Godiya yake yi."

Ranar da mai ruwa ya bar get a buɗe, Lucky ya ɓace. Ta yi cigiya har ƙafafunta suka kumbura, kafin wata mai tumatir ta ce ta duba bayan kasuwa, wajen mahauta.

Can ta same shi cikin taɓo, tare da wasu karnuka, yana gwagwiyar ƙashi.

"Lucky, ɗana! Zo mu tafi gida."

Ya taso da gudu yana kaɗa wutsiya, ya lashe mata hannu, har ta fara share ƙwalla. Tana ciro igiya daga jaka sai ya ja da baya, ya ɗauki ƙashinsa, ya shige ƙarƙashin teburin wani mahauci. Ta yi lallashi har ta gaji.

Ran Lahadi, a taron zumuntar mata na coci, ta miƙe ta ce an sace mata kare. Matan suka yi addu'a sosai, Ubangiji ya taɓa zuciyar ɓarawon. Mama Damaris ta ce amin a hankali.