Daddawar Mastura

An jera su a kan teburin hafsan 'yan sanda, dunƙulen daddawa ashirin da bakwai, baƙaƙe wuluk, warinsu ya cika ofis har hafsan ya toshe hanci da gefen rawaninsa. Mastura tana zaune a kan benci, ta ɗora hannuwa bisa gwiwa. Shekara talatin tana sayar da daddawa a bakin wani lungu na unguwar Ammariyya a Jidda, babu wanda ya taɓa ce mata matsa can, sai yau da hantsi da aka ɗebe ta ita da farantinta.

Aka kira Othman ya yi tafinta. Haihuwar Jidda ne, Hausarsa duk ta sha Larabci, amma da miyar daddawar nan ya girma, don uwarsa Rahamatu ba ta saye a wurin kowa sai Mastura. Da ya ga wadda ke zaune, sai da ya dafa ƙofa.

Hafsan ya sa wuƙa ya tsaga dunƙule ɗaya. Kalwa ce, ruɓaɓɓiya yadda ake so. Ya tsaga wani. Wannan bayansa ne kawai daddawa, cikinsa wani abu ne mai danƙo, ruwan ƙasa, mai ƙamshin ganye. Hashisha, dangin tabar wiwi. Tara ya ware gefe guda.

"Khala Mastura," in ji Othman, wato inna da Larabci, murya ƙasa-ƙasa, "yana tambaya wa ya ba ki waɗannan."

"Nawa ne."

"Khala, ki ji tsoron Allah. Naki faɗi gare su, kina danna babban yatsa a tsakiya. Waɗannan kamar jaki ne ya mulmula su. Wallahi ko makaho ya san ba hannunki ba ne."

"Hannu yana tsufa, ɗan Rahamatu. Faɗa masa nawa ne."

Ai ta san na wane ne. Na'ibi, ɗanta tilo, mai gadin sito a unguwar Khumra, shi ne wata uku ke nan ya tsiri kirki, yana ɗaukar mata faranti da safe, yana cewa Inna ki huta. Wasu samari kuma suka fara zuwa sayen daddawa, 'yan gayu waɗanda ko tukunya ba su taɓa ɗorawa ba, sai su ce a ba su "ta ƙasan faranti". Ita kuwa har daɗi take ji, wai kasuwa ta buɗe. Kaico, tsohuwa da wauta!

Othman bai fassara ba tukuna. Ya durƙusa kusa da ita.

"Kin san abin da zai biyo baya? Sijin, gidan yari. In kin fito, tarhil, a sa ki a jirgin ruwa a mayar da ke Najeriya. Ba ki da iƙama, takardar zama, Khala. Shi ke nan, ba za ki sake ganin ƙasar nan ba."

Ta sani sarai. Tana 'yar shekara tara ta shigo ƙasar nan, bayan tafiyar ƙafa ta shekara huɗu ta Sudan. A nan ta binne uwarta, a nan ta binne mijinta, kuma abin da take roƙo kullum bayan salla bai wuce ita ma a rufe ta a wannan ƙasa ba. Amma Na'ibi yana da 'ya'ya huɗu, ƙaramar ko yaye ba a yi ba. In ta faɗi gaskiya, shi za a ɗaure.

Hafsan ya gaji da jiran su. Ya yi magana da sauri, yana murmushin wanda ya gano ƙarya.

"Ya ce bai yarda ba," in ji Othman, har da ɗan sauƙi a fuskarsa. "Ya ce idan ke kika yi, ki faɗi yadda ake yi."

Da Mastura ta yi shiru, da shi ke nan. Sai dai sau ɗaya ta je Khumra neman rariyarta da wani mayafinta mai laushi da suka ɓace, ta leƙa ta bayan sito, ta ga abin da ta ga, ta juyo ba ta ce uffan ba. Ranar ta gaya wa kanta garin lalle ne Na'ibi yake tankaɗewa.

"Busasshen ganye ake kawowa cikin buhu, daga masu manyan motoci," ta ce. "A ɗaure mayafi a bakin kwano, a riƙa kaɗawa a hankali. Garin da ya sauka, mai kama da ƙurar gero, shi ake tarawa a matse har ya kama jikinsa. Sauran a zubar. Mace mai tankaɗe za a koya wa wannan?"

Othman ya tsaya yana kallon ta, idonsa ya kawo ruwa.

"Ki bari in ce ban gane ba."

"Uwarka ba ta haifi maƙaryaci ba. Yalla, faɗa masa."

Ya faɗa, kalma bayan kalma, kamar mai haɗiyar ƙaya. Murmushin hafsan ya ɗauke. Ya jawo takarda ya fara rubutu, ya daɗe yana yi, fanka tana juya warin daddawa a ɗakin. Aka kama babban yatsanta aka danna a tawada, aka danna a takarda.

Saura layi ɗaya. Hafsan ya tambaya ba tare da ya ɗago kai ba.

"Wai wane gari za a rubuta, inda za a mayar da ke," in ji Othman.

Mastura ta yi ta laluben sunan. Rabonta da jin sa tun uwarta na da rai.

"Rugar Tsamiya," ta ce. "Ko Tungar Tsamiya. Akwai dai rijiya a bakin hanya."

"Ƙasar Kano ko Sakkwato? Kina da kowa a can?"

"Ban sani ba, ɗan nan. Rubuta wanda ya fi sauƙi a alƙalaminku."